Liƙe, Toshe, Ko Ɗinke? Sharhi A Kan Wata Kalmar Fassara

Kwanakin baya wata 'yar'uwa mai aikin jinya a wani ƙaramin ɗakin shan magani na karkara ta kawo mini wani ɗan littafi da aka juya daga Faransanci zuwa Hausa, domin koyar da masu taimakawa wajen allurar rigakafi a ƙauyuka. Ta ce, "Malam, duba mini shafin nan, gama akwai maganar da ta hana ni barci." Na karɓa na duba. Mai fassara yana bayani ne a kan 'yar kwalbar nan da maganin allura yake zuwa a cikinta, sai ya ce bakinta yana da roba "mai rufe kanta".

Na ce, "To, Malama, mene ne laifin wannan?" Sai ta ba ni labari. Wani saurayi mai taimakonta, mai himma ne kuwa, ya dama maganin ƙyanda ranar kasuwa, aka yi wa yara kaɗan, saura ya ragu a kwalba. Maimakon ya zubar, sai ya mayar cikin akwatin sanyi, washegari ya fito da shi zai yi wa wasu yara. Allah ya sa ta gani kafin ya tsira wa kowa. Da ta tambaye shi dalili, ya buɗe littafin ya nuna mata. Ya ce ai an rubuta kwalbar tana rufe kanta, abin da ya rufe kansa kuwa me zai shige shi?

Ba na so in ɗora wa mai fassara dukan laifi. Littafin yana da kyau a wurare da yawa, Hausarsa mai sauƙi ce, a wani shafi can gaba ma ya faɗi lokacin da ya kamata a zubar da magani. Amma mai karatu yakan riƙe kalmar da ta zauna masa a zuciya, ya manta da sauran. Saboda haka na ga ya dace mu tsaya a kan kalmar nan mu auna ta, gama yawancinmu da muke aikin rubutu da fassara muna cin karo da irinta kullum.

Inda kalmar ta fito

Turawa suna da wata dabara a harsunansu. Sukan ɗauki ɗan guntun kalma mai nufin "kai", su manna shi a gaban wata kalma, sai ta zama sunan abin da yake yin aiki ba da hannun mutum ba. Da wannan dabara suka sa wa abubuwa da yawa suna guda: abin da in an huda shi, hujin yakan ɓace ba wanda ya taɓa.

Sunan ya yi ƙarfi ne a yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Harsashi ɗaya in ya huda tankin man jirgin sama, mai ya tsiyaye, wuta ta kama, jirgi da matuƙi sun tafi. Sai masu ƙira suka yi wa tanki bango hawa-hawa na roba, a tsakiya suka sa ɗanyar roba wadda ba a gasa ba. Halin ɗanyar roba shi ne in mai ya taɓa ta sai ta kumbura. Da harsashi ya wuce, mai ya biyo hujin, roba ta sha ta kumbura, huji ya matse. Jiragen Amurka da Ingila da Jamus sun yi amfani da wannan, yawancin jiragen Japan kuwa a farkon yaƙin ba su da shi, shi ya sa suke saurin kamawa da wuta. Amma dabarar tana da iyaka. Tankin ya fi nauyi, yana ɗaukar mai kaɗan, in kuwa babban harsashi ya yage shi, ba robar da za ta iya haɗa bakin.

Sunan bai tsaya a kan tankin jirgi kaɗai ba. Akwai tayar mota wadda aka shafe cikinta da wani abu mai danƙo, in ƙusa ta shiga ya biyo ta ya cika gurbin. Kamfanin Continental na Jamus ya ce irin tasa tana maganin hujin da bai wuce milimita 5 ba, a tafin taya kawai, ban da gefenta. Akwai ambulan da ba a lasa, sai a danna kawai. Akwai leda mai baki kamar zik. Akwai kuma robar bakin kwalbar allura. Dukansu Bature ya tara su a ƙarƙashin kalma ɗaya. Mai fassararmu ya ga kalma ɗaya, shi ma ya nemi ɗaya, ya ɗauko guntun nan mai nufin "kai" ya ajiye shi a Hausa yadda ya same shi.

Matsalar "kanta"

Abu na fari, a Hausa kai kai ne. In ka ce mace ta rufe kanta, abin da kowa zai gani a zuci shi ne ɗankwali ko mayafi. In ka ce mutum ya rufe kansa a ɗaki, ya shiga ne ya sa sakata don kada kowa ya dame shi. A duka biyun akwai mai rai, akwai niyya, rufin kuma cikakke ne. Da aka ce kwalba tana rufe kanta, an ba ta hankali da tsaro waɗanda ba ta da su. Saurayin nan bai yi kuskuren karatu ba. Hausar da aka ba shi ya karanta daidai.

Na san wani zai ce ai a rediyo kullum muna jin "bindiga mai sarrafa kanta", ba wanda ya ruɗe. Gaskiya ne, wannan ta zauna, ba ni kuwa da niyyar korarta. Harshe yana aro, yana ƙirƙira, in ba haka ba ya mutu. Amma wanda ya ji labarin bindiga a rediyo ba ya yanke wata shawara a kan kalmar. Wanda yake riƙe da kwalba, ga uwa ta miƙo masa hannun ɗanta, shawara yake yankewa. A irin wannan wuri kalma tana da nauyin rai.

Abu na biyu, Hausa ba ta bukatar "kanta" a nan ko kaɗan, gama tana da hanyarta tun kaka da kakanni. A 1960 wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai bisa ga ƙarshensu da karin sautinsu. Na gida na huɗu su ne masu ƙarewa da "e", da yawansu kuma suna aiki fuska biyu. Kana iya cewa "Audu ya rufe ƙofa", kana kuma iya cewa "ƙofa ta rufe", ba ka ambaci kowa ba. Haka "hanci ya toshe", "ido ya liƙe", "bakin ciwo ya haɗe". Ka lura da bambancin wannan da na gida na bakwai, masu ƙarewa da "u". In aka ce "ƙofa ta rufu", akwai wanda ya sa hannu har ya ci nasara. In aka ce "ta rufe", abin ya faru ne kawai. Ashe abin da Bature yake nema da guntun kalmarsa, Bahaushe ya riga ya ajiye shi a wasalin ƙarshe. In ana so a ƙara bayani sai a ce "da kanta" ko "don kanta". Ɗan harafin nan "da" shi ne ya raba kwalba da mai ɗankwali.

Kalmomi huɗu, aiki huɗu

Bari mu jera kalmomin da muke da su, mu ga aikin kowacce.

*Hatimi.* Wannan aro ce daga Larabci, ta kuwa daɗe a cikin Hausa, tun sarakuna suna buga hatiminsu a wasiƙa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san ta sarai: hatimin sarki a bakin kogon zakoki a littafin Daniyel, hatimin da aka sa a dutsen kabari a Matiyu, da hatimi bakwai na Wahayin Yahaya. Aikin hatimi shaida ne. Yana faɗin mai abu, yana kuma faɗin cewa ba wanda ya buɗe tun da aka rufe. Saboda haka ba abin da zai iya hatimce kansa, kamar yadda mutum ba ya tsayawa shaidar kansa a gaban alƙali. Hatimi kuma in ya karye ya karye ke nan. Na taɓa ganin an fassara irin kalmar da muke magana a kanta da "mai hatimce kansa". Wannan ya fi na farko muni, gama ya yi alkawarin abin da ba shi yiwuwa.

*Liƙe.* Liƙi shi ne a haɗa fuska biyu, ko a shafa wani abu a kan buɗaɗɗen wuri. Mata suna liƙe bakin tukunya da ƙullu don kada tururi ya fita, manomi yana liƙe bakin rumbu da laka, mai faci yana liƙe tub. Wannan ita ce kalmar ambulan da leda. Amma a gaskiya ambulan nan ba ya liƙewa da kansa, sai ka danna. Abin da aka rage maka lasa ne kawai. Da ma ƙaro ne ake shafawa a bakin ambulan da bayan kan sarki, ka jiƙa shi da yawu. Sunan da ya dace da sabon shi ne "ambulan mai danƙo a baki" ko "wanda ba a lasa". Bature ne ya yi wa kayansa kirari, ba tilas mu amsa masa amshi ba.

*Toshe.* Toshi shi ne a cusa wani abu cikin rami har ya cika. In mutum ne ya yi, sau da yawa gyara ne: a toshe ramin ɓera, a toshe hujin kwalekwale. Amma in abu ya toshe don kansa, kusan kullum ɓarna ce. Hanci ya toshe, magudanar ruwa ta toshe, kunne ya toshe, basira ta toshe. Wato hanyar da ya kamata ta kasance a buɗe ce ta rufe. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

*Ɗinke.* Ɗinki shi ne a jawo baki biyu na abu ɗaya su sadu. In tela ya yi, da zare ne. Amma muna cewa bakin ciwo ya ɗinke, muna cewa fili ya ɗinke da jama'a har ba masaka tsinke, muna cewa 'yan'uwan da suka yi faɗa sun ɗinke. A cikin dukan waɗannan ba a kawo wani baƙon abu daga waje ba, jikin abin ne ya matso ya cike gurbin. Haka maɗigar jariri take haɗewa, yawanci kafin ya cika shekara biyu. Haka hujin kunnen yarinya yake komawa in an bar shi ba ɗan kunne, shi ya sa iyaye mata suke sa zare ko ɗan tsinke. Itacen dakwara ma yana da irin tasa dabara: in aka sassabe ɓawonsa da rani, sai ya fid da ruwa mai danƙo ya daskare a kan raunin. Wannan shi ne ƙaron da Sudan da Chadi da Nijeriya suke sayar wa duniya, har da namu na gabashin Nijar. Mai ɗiban ƙaro maganin raunin itace yake tarawa.

In muka sa robar bakin kwalba a ma'auni, wace kalma ce tata? Ba a shafa mata kome ba, ba a cusa mata kome ba. Allura ce ta raba jikinta ta wuce, da aka zare sai jikin ya koma ya matse. Wannan ɗinkewa ce. Ni da an tambaye ni, da na rubuta "roba mai ɗinkewa in an zare allura".

Abin da robar ba ta yi

Amma kada in yi wa tawa kalmar kirarin da na hana wa ta wani. "Ɗinkewa" ma tana iya ruɗin mai karatu, gama tana da ƙanshin warkewa. Abin da ya sa na fi son ta shi ne kowane Bahaushe ya san iyakarta. Ya san riga ɗinkakkiya ba sabuwa ba ce. Ya san ciwo yana iya ɗinkewa a sama alhali mugunya tana ciki, irin wannan kuwa ya fi buɗaɗɗe hatsari. Kalmar tana ɗauke da gargaɗinta.

Ga yadda kwalbar take. A bakinta akwai abu biyu. Akwai ɗan murfi na sama wanda ake ɓallewa, shi ne hatimi, shi ne shaidar cewa daga masana'anta ba wanda ya taɓa. Akwai kuma roba a ƙarƙashinsa. Roba tana hana magani zubowa, tana hana ƙura shiga. Amma abin da allura ta riga ta shigar, roba ba ta iya fitarwa, sai ma ta rufe shi a ciki. Maganin ƙyanda da na shawara da na tarin fuka gari ne busasshe, sai an dama shi da ruwansa, ba shi kuma da sinadarin da yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Da zarar an dama, ƙarfinsa ya fara raguwa, ƙwayar cuta kuma in ta shiga ta sami wurin hayayyafa.

Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sabunta a 2014, ta ce irin wannan kwalba a zubar da ita bayan sa'a 6 da buɗewa, ko da an tashi daga zaman allura, duk wanda ya riga zuwa. Akwai waɗansu magungunan da aka yarda a ajiye har kwana 28 bayan buɗewa, amma da sharuɗa: hukumar ta amince da maganin don haka, ranar lalacewarsa ba ta wuce ba, an ajiye shi cikin sanyin da aka ƙayyade, alamar zafi da ke jikin kwalba kuma ba ta nuna ya ɓaci ba. Kowane ɗiba da sabuwar allura da sabon sirinji, ba a kuwa barin allura a tsaye cikin roba. Duk wannan yana gaya mana abu ɗaya: roba ta ɗinke, amma hatimi ya riga ya karye. Da littafin ya faɗi jimlar nan guda, da saurayin bai ajiye kwalba ba.

Maganar da ba ta da ƙofa

Akwai wani amfani na kalmar nan ta Turawa wanda ya wuce roba da taya. Masanan falsafa biyu na Amurka, Robert Fogelin da Walter Sinnott-Armstrong, a littafinsu na koyar da yadda ake auna hujja, sun ba da wannan suna ga irin maganar da aka gina ta yadda ba abin da zai iya ƙaryata ta. Duk inda ka huda ta, sai ta mai da hujin ya zama ƙarin ƙarfinta. A 1954 wata 'yar ƙungiya a Amurka ta yi shelar cewa rigyawa za ta hallaka duniya ran 21 ga Disamba, jirgi daga sama zai zo ya ɗauke su. Ranar ta zo ta wuce. Maimakon su ce sun yi kuskure, waɗansunsu suka ce ai tsayuwarsu ce ta sa aka fasa hallakar. Leon Festinger da abokan aikinsa sun bi labarin suka rubuta littafi a kansa a 1956.

Ba sai mun je Amurka ba. A yi wa tsohuwa zargin maita. In ta musa, a ce ai mayya ba ta amsa laifinta. In ta yi shiru, a ce shiru ma amsa ce. In ta yi kuka, a ce na munafunci ne. In yaron ya warke, a ce ta sake shi don tsoro. In ya mutu, a ce ga shi nan. Gaba kura, baya sayaki. A cikinmu ma akwai irin wannan. Wani yakan ce duk wanda ya yi wa addu'a lalle ya warke. In mutum ya warke, a ce ikon mai addu'a ne. In bai warke ba, a ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Marar lafiya ya koma gida da ciwo biyu, na jiki da na zargin kai, mai maganar kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Da wace kalma za mu kira wannan? Ba zan ba ta "ɗinkewa" ba, gama ɗinkewa kalmar zumunci ce da lafiya. Wurin "toshe" ke nan. Magana ta gari tana da ƙofa, wadda in gaskiya ta zo za ta shiga ta gyara ta. Wannan kuwa ƙofarta ta toshe, daga toshewar magana zuwa toshewar basira kuwa taki ɗaya ne. Sai mu kira ta "tosasshiyar hujja". Gwajinta mai sauƙi ne. Ka tambayi mai ita, "Mene ne in ka gani za ka yarda ka yi kuskure?" In ya ce babu, to, ka san abin da kake fuskanta. Ga tankin jirgi, rashin zuba ceto ne. Ga hujja, alama ce cewa ta rabu da duniyar da take magana a kanta. Bature ya ba su suna ɗaya, Hausa ta raba su, a nan kuwa Hausa ce ta fi gani.

Ga masu fassara

Ya ɗan'uwa mai aikin fassara, in ka sake cin karo da kalmar nan, kada ka yi gaggawar neman takwararta guda. Ka ajiye alƙalami ka tambayi kanka abin da yake faruwa da hujin. In shaida ake nufi, hatimi ne, wani ne kuwa yake bugawa. In fuska biyu ake haɗawa, liƙi ne. In an cika rami, ko hanya ta rufe inda bai kamata ba, toshewa ce. In jikin abin ne ya koma ya matse, ɗinkewa ce. Sa'an nan ka ƙara jimla ɗaya mai faɗin iyakar abin, gama kowane ɗaya yana da iyaka: milimita 5 ga taya, sa'a 6 ga kwalba. Bayan haka ka karanta wa wanda bai san Faransanci ko Ingilishi ba, ka tambaye shi me zai yi in ya ji wannan. Amsarsa ita ce alƙalin fassararka.

Malamar jinyar nan ba ta jira a sake buga littafin ba. Ta ɗauki biro ta bi dukan kofen da ke ɗakin maganinsu, ta soke "mai rufe kanta", ta rubuta a gefe, "Robar tana ɗinkewa, amma kwalbar buɗaɗɗiya ce. Rubuta sa'ar da ka dama." Saurayin kuwa yana nan yana aiki, shi ne ma yanzu yake koya wa sababbi.